One-Punch Man: wa ya yi aikin, wa anka tafa wa?

Yau zancen fim zan yi, kuma fim ɗin na zane ne, irin na ƙasar Japan da ake ce ma anime. Na san akwai wanda zai karanta layin nan ya wuce abinsa. Ina roƙon ya ɗan dakata.

Wani abokina da ya komo daga karatu a Faransa ya zo da faifan DVD na kashin farko na One-Punch Man. Fitowa 12 ne, kowace kamar minti 24, duka-duka bai kai awa 5 ba. Munka kalle shi a fada cikin dare uku, bisa kwamfuta, ana dafa shayi. Daren farko wani yayanmu ya bi ta wurin, ya leƙa ya ce: "Ku da gemunku, hoton yara kuke kallo?" Munka yi dariya munka ƙyale shi. Dare na uku da shi anka kalla, kuma shi ne ya hana a kashe kwamfutar.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanga fim na manya ne, ya cancanci a kalle shi daga farko har ƙarshe a jere, kuma abin da ya sa ya yi armashi tambaya ce guda da yake ta maimaitawa cikin raha. Wa ya yi aikin, kuma wa anka tafa wa? Yana da aibobinsa, zan faɗe su. Kuma zan taɓa wasu wurare na labarin, don haka wanda ba ya son a ɓata mishi kallo sai ya yi haƙuri da ni.

Asalin labarin ba daga wani babban kamfani ya fito ba. Wani matashi ɗan Japan mai kiran kansa ONE ya fara zana shi yana sawa a intanet kyauta a 2009. Zanensa bai da kyau ko kaɗan, kamar na ɗan lakol a bayan littafi, amma labarin ya ja mutane. A 2012 wani gwanin zane, Yusuke Murata, ya nemi su haɗa hannu, ya riƙa sake zana labarin da kyau, kamfanin Shueisha na fitarwa. A 2015 kamfanin Madhouse ya maida shi fim ƙarƙashin jagorancin Shingo Natsume, anka nuna shi a talabijin daga Oktoba zuwa Disamba. Bayan nan anka fitar da shi a faifai shida a Japan, kowane da ɗan guntun labari na ƙari wanda ba a nuna a talabijin ba. A fassarar Faransanci da munka kalla, mawaƙin nan Orelsan ne ya ba jarumin muryarsa, kuma muryar tasa mai kama da ta wanda bai gama farkawa ba ta dace da mutumin ƙwarai.

Jarumin sunansa Saitama. Shekarunsa 25, kansa tal babu gashi, yana zaune shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a unguwar da mutane sunka gudu sunka bari saboda dodanni. Ƙarfinsa ya wuce misali. Duk dodon da ya tare shi, naushi guda yake yi mishi zance ya ƙare. Daga nan sunan fim ɗin ya fito, kuma sunan da kansa wasa ne da kalma: a bakin Japanawa yana fita kusa da Anpanman, wani jarumin yara da kowa ya sani a can, mai kan burodi, wanda ke gutsurar kansa ya ba mai jin yunwa.

To ku duba matsalar da marubucin ya ɗora ma kansa. Mu da munka san kokowa mun san abin da ke cika fili: rashin sanin wa zai faɗi. In da akwai ɗan kokowar da ke kada kowa cikin daƙiƙa guda, shekara bayan shekara, takobi na hannunsa kullum, wa zai ɓata lokacinsa ya je kallo? Duk finafinan faɗa da munka tashi da su, daga na Sin har su Dragon Ball, a kan hanya guda suke: jarumi ya sha kashi, ya tafi ya yi horo, ya komo ya rama. One-Punch Man ya fara daga inda waɗancan ke ƙarewa. Jarumin ya riga ya kai ƙololuwa, kuma abin da ya tarar a can gundura ce. Ba ya jin tsoro, ba ya jin daɗin nasara, zuciyarsa ba ta bugawa. A fitowa ta farko ya yi mafarkin ya samu abokan faɗa da sunka kai shi, yana ta murna yana zufa, sai agogo ya tada shi.

Daga nan dariyar ke fitowa. Mutumin da ke tarwatsa dodo mai tsawon bene ya kasa kashe sauro guda, yana ta tafi a iska yana bin sa da maganin feshi. Mu mutanen damina da gidan sauro mun yi dariyar wannan wuri har da hawaye. A wani wurin kuma yana tsakiyar faɗa da wani mugun dodo, fuskarsa ta ɓaci, dodon na zaton tsoro ne ya kama shi, ashe tunawa ya yi yau Asabar, ranar da kanti ke rangwamen kaya, kuma lokaci na ƙurewa. Da anka matsa mishi ya faɗi sirrin ƙarfinsa, sai ya lissafo motsa jiki na kowa da kowa: ɗari na wannan, ɗari na wancan, ɗari na wancan, gudun kilomita 10 kullum, shekara uku babu fashi, har gashinsa ya zube. Babu wanda ya yarda, har almajirinsa Genos, saurayi ɗan shekara 19 da jikinsa ya koma na ƙarfe, wanda ke bin sa da littafi yana rubuta duk shirmen da ya faɗa kamar wata hikima.

Masu zanen sun san aikinsu. Saitama fuska biyu gare shi. Akwai ta yau da kullum, kamar ƙwai da anka ɗiga ma ido biyu, sai kuma wadda ke fitowa in ya ɗaure, mai inuwa da layuka kamar ta wani mutum daban. Sauran mutane da dodanni duk an ƙawata zanensu, an ba su kiɗa da dogon jawabi, shi kuwa yana tsaye a tsakiyarsu kamar wanda ya ɓace hanyar kasuwa. Natsume ya tattaro gwanayen masu zane, da yawansu ba ma'aikatan kamfanin na dindindin ba, kuma ana ganin hannunsu a kowane faɗa. Wannan na cikin dalilan da sunka sa nake cewa a nemi faifai ko kwafi mai kyau. Irin wanda ake tura muna a kati, wanda anka matse har hoton ya dushe, rabin wahalar masu zanen ba ta fitowa.

Amma in da raha da kyan zane ne kaɗai, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tsaya mini a rai ya fara tun fitowa ta farko, inda anka nuna Saitama shekara uku baya. Saurayi ne mai gashi, sanye da kwat, ya fito daga neman aiki an sake cewa ba a ɗauke shi ba. Ya haɗu da wani dodo mai siffar ƙaguwa, dodon ya dubi idonsa ya ga babu rai a ciki, ya ƙyale shi ya wuce. A Japan neman aikin ɗalibai wani babban al'amari ne mai lokacinsa da tufafinsa, samari da ƴan mata cikin baƙaƙen kwat suna bin kamfanoni, kuma wanda lokacin ya kuɓuce ma yana shan wuya kafin ya samu gurbi. ONE ya fara labarinsa shekara guda bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008. Ni da na ajiye dosiye a ofisoshi har na daina ƙirgawa, da lisansi ɗina a hannu, na gane wannan idon. Babu wanda ya yi dariya a fada lokacin da anka nuna wurin.

A wannan rana ce Saitama ya ceci wani yaro daga dodon. Kakan yaron attajiri ne, kuma saboda abin da ya faru ya kafa Ƙungiyar Jarumai da dukiyarsa. Ga inda abin yake: ƙungiyar da anka kafa sanadiyyar aikin Saitama ba ta san da shi ba. Shekara uku yana kashe dodanni, babu wanda ya san sunansa, don bai yi rajista ba. Da ya je yin konkur ɗin shiga, ya karya duk wani tarihi a gwajin ƙarfi, amma ya yi rauni a rubutu, ya tashi da maki 71 cikin 100, da ƙyar ya tsallake. Anka jefa shi aji na ƙasa, ajin C, lamba 388. Almajirinsa Genos ya ci 100, anka kai shi ajin S na ƙololuwa kai tsaye. Malami a gindi, almajiri a sama, takarda ta yanke hukunci.

Ƙungiyar nan ita ce ainihin abin da fim ɗin ke yi ma dariya. Aji huɗu gare ta, C, B, A da S, kowane jarumi da lambarsa. Ɗan ajin C in ya yi mako bai nuna wani aiki ba ana cire sunansa, don haka sai ka ga jarumai na yawo a titi suna neman ɓarawon jaka ruwa a jallo. Akwai masu taka sababbin shiga don kar a wuce su. Akwai na ɗaya a ajin A, Amai Mask, mawaƙi kuma ɗan fim, kyakkyawa, wanda ya fi kula da sunan ƙungiya a idon jama'a bisa komi, ya kuma ƙi hawa ajin S da gangan don ya tsare ƙofa. Lokacin da wani ƙaton dutse daga sama ya nufo birnin su Saitama, anka kira manyan jarumai, kaɗan ne sunka zo, kuma ɗaya daga cikinsu ya turo na'urarsa ne kawai don ya gwada sabon makami. Saitama ya fasa dutsen da naushi guda. Ɓaraguzan sunka zubo sunka rushe gidaje, ba wanda ya mutu, amma wasu jarumai biyu masu hassada sunka zuga jama'a a kansa, anka taru ana yi mishi ihu ya bar aikin. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Fitowa ta 8 da ta 9 su ne zuciyar fim ɗin, kuma ko su kaɗai sun biya kuɗin faifan. Wani dodo, Sarkin Teku, ya fito yana kada jarumai ɗaya bayan ɗaya, har ya fasa mafakar da jama'a sunka ɓuya. Genos ya tare shi, ya sa jikinsa ya kare wata yarinya daga yawun dodon mai narka ƙarfe, ya faɗi. Sai ga Mumen Rider, ɗan ajin C, mutum kamar ni da kai, ba shi da wani ƙarfi na daban, abin hawansa keke. Ya san ba zai iya ba, ya faɗa da bakinsa cewa ya san ba zai iya ba, kuma ya tsaya gaban dodon cikin ruwan sama don babu wani da ya rage. Ya sha kashi har ya suma. Sannan Saitama ya iso ya gama da dodon kamar yadda ya saba.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da yayan namu ya ajiye kofin shayinsa. Wani mutum cikin jama'ar da anka ceta ya tashi yana cewa ai tunda ɗan ƙaramin aji ya kashe dodon da naushi guda, to dodon ba wani abu ba ne, jaruman da sunka faɗi ragwaye ne masu cin kuɗin gudummawar mutane a banza. Maganar ta fara shiga kunnen jama'a. Saitama ya ji. Sai ya ɗaga murya ya maida kansa macuci, ya ce shi dai ya yi sa'a ne, waɗancan sun riga sun gajiyar da dodon, shi ya zo ya kwashi ladan. Jama'a sunka koma zaginsa, sunka riƙa yaba waɗanda ke kwance cikin jini. Ya sayar da sunansa ya saya musu nasu. Bayan kwanaki wasiƙu sunka zo, na zagi a ciki, da guda ɗaya ta godiya. Daga mai keken take.

Wannan wurin ya sa na sake tunani a kan abubuwa da dama. Duk wanda ya taɓa aiki cikin ƙungiya, kowace iri, ya san akwai mai ɗaukar kujeru da mai hawa kujeru. Ya san wanda ke fita cikin rana, ya san wanda ke fitowa a hoto. Fim ɗin bai ce a rushe ƙungiya ba, don ba tare da ita ba babu mai buga ƙararrawa ya kwashe mutane zuwa mafaka. Abin da ya nuna shi ne ma'aunin da ƙungiya ke auna mutane da shi yana iya zama makaho, kuma in lamba ta zama ita ce buri, aikin da anka taru dominsa sai ya koma baya. Ya kuma ɗora ma ƴan kallo nasu laifin, don jama'ar cikin fim ɗin saurin tafi gare su da saurin jifa, ba su tsayawa su bincika.

Shi ya sa nake jin haushin yadda mafi yawan matasanmu sunka san wanga fim, wato guntayen faɗa na minti ɗaya a TikTok da WhatsApp. Wanda ya ga guntun faɗan Saitama da Boros, sarkin ƴan fashin sararin sama, ya ga an harba mutum har wata ya diro ya komo, zai ce ya ga fim. Bai ga cewa Boros ya yi tafiyar shekara 20 yana neman wanda zai kai shi ba, don shi ma gundurar ƙarfi ta ishe shi, kuma ya mutu yana sane da cewa Saitama bai ma fito da duk ƙarfinsa ba. Faɗan da ya fi kowane ƙayatarwa a fim ɗin da baƙin ciki ya ƙare. Guntu ba ya ɗaukar wannan. Sai an zauna an bi labarin a jere, kuma amfanin faifai ke nan.

Yanzu aibobi. Na farko, wanga ba fim ɗin yara ba ne, kuma ina roƙon iyaye da yayye su ji wannan da kyau. Mun saba duk abin da anka zana sai mu miƙa ma yaro waya mu ce je ka kalla. A nan dodanni na fashewa, jini da kayan ciki na watsuwa, akwai wuraren da maza ke tsaye tsirara ana raha da abin, akwai mata da anka zana da tufafin da ba su da dalili a labarin in ba jan ido ba. Na biyu, matan fim ɗin kaɗan ne, kuma a kashin farko babu wadda anka ba zurfin da anka ba Genos ko mai keke. Na uku, akwai wani jarumin ajin S da anka zana da baƙar fata da manyan leɓuna, zanen da ya tuna mini da tsohon salon da Turawa ke zana baƙar fata da shi don izgili. Ko mi mai zanen ya nufa, ni abin bai yi mini daɗi ba, kuma ban ga dalilin yin shiru a kai don ina son fim ɗin ba.

Aibi na huɗu ya fi damuna. Fim ɗin na wasa da mutuwar talakawa. A fitowa ta farko Saitama ya naushi wani ƙaton dodo, gawar ta faɗa kan birni guda ta murƙushe shi, anka wuce wurin da raha. A ƙarshen kashin an shafe wani birnin kusan gaba ɗaya, amma hankalin labarin na kan jarumai da gardamarsu. Fim ɗin da ya iya sa mu kuka saboda mutum guda mai keke ya kamata ya iya tsayawa minti ɗaya a kan dubban da gini ya danne. A nan ya faɗa cikin ramin da yake yi ma wasu dariya: masu suna ake ƙirgawa, sauran taron jama'a ne kawai.

Guntayen labarai shida na ƙari da ke cikin faifan ba dole ba ne, raha ce ta zaman gida da ƙananan rigingimu, amma wanda ya shaƙu da mutanen zai ji daɗinsu. Kashi na biyu kuma, wanda ya fito a 2019, wani kamfani ne ya yi shi, J.C.Staff, da wani darakta daban, kuma gaskiya zanen ya ja baya, faɗan bai da santsin na farko. Sai dai labarin ya ci gaba da tona ramin nan. A can ne ake gane cewa King, wanda duniya ke kira mafi ƙarfin mutane, matsoraci ne mai son wasan bidiyo, wanda ya yi ta samun kansa kusa da gawar dodannin da Saitama ya kashe har anka ɗora mishi nasarorin. Kuma da Saitama ya gano, bai tona shi ba, abokai ma sunka zama. Wanda kashin farko ya kama shi zai iya jure raunin zanen don wannan.

Hukuncina: kashin farko na One-Punch Man ya cancanci dare uku na duk wanda ya kai shekarun neman aiki. A kalle shi a jere, da kwafi mai kyau, bayan yara sun yi barci, kuma in da hali a cikin jama'a, don rabin daɗinsa gardamar da ke biyo baya ce. Tamu gardamar har yau ba ta mutu ba. Wasu na cewa Saitama ya yi daidai da ya ɗauki zagin don ya rufa ma ƴan uwansa asiri. Ni ina ganin ya kyauta ma mai keke, amma ya bar jama'a cikin jahilcinsu, gobe ma haka za su jefi wani. Yayan namu kuwa cewa ya yi duk mun ɓata, mu bar zancen mai sanƙo, mu tambayi kanmu mu nawa ne za mu iya jingine keke mu tsaya.

Wanda ya kalla, ina son in ji ta bakinsa.